Itacen Da Ya Gagari Gatari: A Faskara Ko A Bari?

Kusan kowane gida a ƙasar Kura da Bunkure, in mutum ya zaga bayan danga ko gindin rumbu, zai tarad da wani tsohon gungume a yashe, duk jikinsa saran gatari. Maigida ya gwada ya bari, ɗansa ya gwada ya bari, an kira mai faskare ya dube shi ya yanka ladan da ya fi kuɗin itacen da za a samu. Shekara ta kewayo yana nan, gara tana cinsa ta ƙasa, uwargida kuwa kullum sai ta aiki yaro sayen itace. To, abin da wannan darasi zai duba shi ne: irin wannan itace ya cancanci wahalar da za a sha a kansa, ko kuwa akwai abin da ya fi? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowane gungume, saboda haka wajibi ne mu bi maganar daki-daki.

Yadda zamani ya sake lissafin

A zamanin iyayenmu wannan tambaya ba ta taso ba. Da an gama kaka, an kai hatsi rumbu, mutum ba shi da wani aikin gona sai bazara. Wanda bai tafi cin rani ba yana da wata huɗu ko biyar a hannunsa, in ya kwana uku yana fama da kututture ɗaya babu abin da ya rasa. Daji kuma yana kusa, wanda bai ga dama ba ya wuce ya sari wani.

Abu biyu ɗin nan duka sun kau. An gama ginin madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda ke kula da aikin. Tun daga nan rani ya zama damina ta biyu a wannan ƙasa. Ana gama yankan shinkafar damina a shiga gyaran fili, a shuka alkama cikin Nuwamba ko farkon Disamba, a dasa tumatir da albasa, ban ruwa ba ya jiran kowa. Yinin namiji mai ƙarfi ya zama abin da ake saye da kuɗi, kuma lokacin dashe da girbi har nemansa ake yi a rasa.

Ta ɗaya gefen kuma itace ya yi wuya. Lokacin da aka daidaita filayen noman rani, itatuwa da yawa sun tafi, gama ba a barin bishiya a tsakiyar fangalin shinkafa. Jama'a sun ƙaru, sana'ar turara shinkafa ta bunƙasa a Kura da ƙauyukanta, kowace tukunya kuwa wuta take ci. Yawancin itacen da ake sayarwa a bakin hanya a mota ake kawo shi daga nesa, mai saye shi ke biyan kuɗin motar, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin ya daɗa nauyi. Watau dai lokacin manomi ya yi tsada, itace ma ya yi tsada. Wanda ya duba ɗaya ya mance ɗayan zai yi kuskure.

Abin da ke sa itace taurin kai

Mutane da yawa suna zaton nauyin itace shi ne ke hana shi tsagewa. Ba haka ba ne ɗungum. Jikin itace zare-zare ne a jere, kamar igiyoyin da aka manne da juna. In zaren ya miƙe sosai daga gindi zuwa sama, da bakin gatari ya shiga sai ya bi tsakani ya raba su, ko da itacen mai nauyi ne. Amma akwai itatuwan da zarensu ke murɗewa, na bana ya karkata dama, na baɗi ya karkata hagu, har su saƙu kamar tufkar igiya. Maɗaci haka yake, da darbejiya, da bishiyar turare wadda aka daddasa a gefen hanyoyi da makarantu. Tsamiya ta haɗa duka biyu, ga nauyi ga murɗa. Irin waɗannan gatari yakan shiga ya cije, a sha wahalar zare shi fiye da wahalar sara.

Na biyu shi ne gaɓa, watau inda reshe ya fito daga jikin uwa, da inda bishiya ta rabu biyu. A nan zaren ya naɗe ya kewaye reshen, ba shi da hanya ɗaya da za a bi. Kututture kuwa, inda saiwoyi suka haɗu, gaɓa ne tun daga sama har ƙasa, ga ƙasa da tsakuwa maƙale a jikinsa suna dakushe bakin gatari.

Na uku shi ne jinkiri, kuma shi ne laifin da ya fi yawa a gidajenmu. Darbejiya da turare suna da dama-dama in an faskara su da ɗanyensu, cikin kwanakin farko bayan sun faɗi. In aka bar su suka sha hunturu ɗaya a dunƙule, sai zaren ya ƙanƙame, itacen da yaro matashi zai gama da hantsi ya koma ya faskari ƙato. Da yawa daga cikin gungumen da ke bayan gidaje ba su zo duniya da taurin kai ba, ajiya ce ta mai da su haka.

Wutar da ke cikinsa

Ga wata magana da ya kamata kowa ya riƙe. Masana sun auna sun ga cewa busasshen itace, in aka bi nauyi, zafin da yake bayarwa kusan ɗaya ne ko wane iri ne. Kilo 1 na busasshen gawo da kilo 1 na busasshiyar ƙirya ba su da wani babban bambanci wajen zafi. Bambancin yana wajen girma. Guntun ƙirya ya ninka guntun rimi mai girmansa nauyi sau 2 ko 3, saboda haka wutar da ke cikinsa ma ta ninka haka. Ga shi kuma itace mai nauyi yana ci a hankali, ya bar garwashi mai daɗewa, mara nauyi kuwa ya tashi fuu ya zama toka. Shi ya sa maƙera tun kaka da kakanni suke neman gawayin ƙirya, mata kuma suka fifita marke a kan sauran itace.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, taurin faskare kaɗai ba ya nuna darajar itace. Akwai mai wuyar tsagewa mai yawan wuta, kamar tsamiya da ƙirya da bagaruwa da aduwa. Akwai kuma mai wuyar tsagewa wanda babu kome a cikinsa. Kuka ce shugabar waɗannan: jikinta kamar soso yake, cike da ruwa, gatari ya nutse ciki bai tsaga kome ba, in ta bushe kuma ba ta da nauyi balle garwashi. Wanda ya ɓata yininsa a kan gungumen kuka ya yi aikin baban giwa. Gwaji mai sauƙi shi ne a sari ɗan guntu busasshe a jinjina a hannu. In ya yi nauyi fiye da yadda ido ya zata, akwai abin nema a ciki.

Sai maganar ruwa. Ɗanyen itace, wani har rabin nauyinsa ruwa ne. In aka sa shi a murhu, wutar sai ta fara ƙona ruwan kafin ta kai ga tukunya, abin da ke fita kuwa hayaƙi ne. Babban amfanin faskare ba ƙanƙanta itace kaɗai ba ne, buɗe cikinsa ne iska ta shiga. Faskararren itace yakan bushe cikin 'yan makonni da iskar hunturu, gungume mai kauri kuwa sai ya shekara cikinsa da danshi. Kada a raina wannan hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3 kowace shekara a duniya, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye ko zaune kusa da murhu su suka fi shaƙarsa. Maigidan da ya ce a tura gungumen haka nan cikin ɗakin girki don ya huta da faskare, ya sani ya ɗauke wahalar daga kafaɗarsa ne ya aza a ƙirjin iyalinsa.

Yadda za ka yi lissafi

Ba sai da alƙalami ba. Ka tambayi kanka abu biyu. Nawa ake biyan ɗan ƙwadago yini ɗaya a gonakin garinku a wannan mako? Itacen da za ka fitar daga gungumen nan cikin yini ɗaya, in da saye za ka yi a bakin hanya, nawa ne? In na biyu ya fi na farko, ɗauki gatari. In na farko ya fi, tafi gona, ka sayi itace da abin da ka samu.

Mu ɗauka wani manomi a Bunkure iska ta kayar masa da darbejiya a bakin gona cikin watan Yuni. Rassan da jikin da ya miƙe, in ya tasam musu da ɗanyensu, cikin yini biyu ya tara abin da gidansa zai yi makonni yana girki da shi. Wannan ba ya bukatar shawara, riba ce a fili. Abin da ya rage shi ne gindin mai gaɓa uku. Mu ce shi kaɗai zai ci masa wasu yini biyu, ya ba shi kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya samu da farko. Kun ga ladan yininsa ya faɗi ƙasa ƙwarai, alhali gumin ya ƙaru. Inda yawancin mutane ke ɓata ke nan: suna ɗaukar bishiya duka abu ɗaya ce, sai an ga bayanta. A'a. Kowane guntu da nasa lissafi, kuma babu kunya ga wanda ya kwashi mai sauƙi ya tsaya.

Lissafin yana kuma sakewa da lokaci. Yinin da ruwa ya zo layinku, ko tumatir ya nuna yana jiran kwando, ba yinin faskare ba ne ko da gungumen na zinariya ne, gama tumatir ba ya jira, gungume kuwa yana jira. Amma akwai ranakun da aikin gona ya lafa, akwai kuma gidan da ke da samari uku suna zaune a gindin bishiya. A irin wannan gida yinin ba shi da tsada, saboda haka ko gindin tsamiya ya cancanci a taɓa. Haka kuma wanda ba shi da kuɗin sayen itace ko kaɗan, lissafinsa dabam ne da na mai abin hannu, ba mu ce ya zauna ya dubi gungume iyalinsa na kwana da yunwa ba.

A sa wannan ma cikin lissafi: ƙotar da za ta karye, da kuɗin maƙeri na gyaran baki, da ciwon baya. Rauni ɗaya a ƙafa cikin watan girbi ya fi ƙarfin itacen shekara.

In ka yanke shawarar faskarawa

Gatarinmu na gargajiya an ƙera shi ne domin sara. Bakinsa siriri ne, kansa ba nauyi, shi ya sa yake cijewa a cikin itace mai murɗa. Ga irin wannan aiki, dabara ta fi ƙarfi amfani.

Da farko a gajarta. Guntun da bai wuce kamu ɗaya ba ya fi mai tsawon gaba ɗaya sauƙin tsagewa nesa ba kusa ba, gama zaren da za a raba ya ragu. In akwai zarto babba na mutum biyu, a yi da shi. In masu injin yankan itace sun shigo gari, ya fi kyau maƙwabta su tara gungumensu wuri ɗaya a yanka musu rana ɗaya su raba kuɗin mai, maimakon kowa ya kira nasa. A gaya wa mai injin ya yanka dab da gaɓa ta kowane gefe, domin gaɓar ta fita ita kaɗai, sauran ya zama miƙaƙƙe.

Sa'an nan a aza guntun a kan wani faffaɗan gungume ko ƙasa mai tauri. A kan rairayi ko ƙasa mai laushi, rabin ƙarfin saran ƙasa ce ke shanyewa. A duba fuskar yankan da kyau, galibi za a ga 'yar tsaga ta fara da kanta; nan ne ƙofa. In babu, kada a doki tsakiya. A fara daga gefe, a riƙa ɓantaro ɓangare-ɓangare ana kewayawa, kamar yadda ake feraye rake, har ya rage cibiyar. Sau da yawa cibiyar da kanta ta isa shiga murhu ba sai an raba ta ba. Guntu mai gaɓa kuwa a kifa shi, gaɓar tana ƙasa, a sara daga ɗaya gefen.

Inda gatari ya kasa, a nemi tsohon kan gatari wanda ya rabu da ƙotarsa, ko a sa maƙeri ya ƙera ƙarfe mai kauri mai baki ɗaya. A kafa shi cikin tsagar a riƙa dukansa da guduma ko da kulkin ƙirya. Lalle a tanadi biyu, domin in na farko ya nutse ya maƙale, na biyu ne zai cece shi. Da tsagar ta buɗe, a cusa guntun itace mai tauri ya riƙe ta. Kulki ya fi guduma aminci, gama ƙarfe in ya doki ƙarfe yakan yi tsartuwa, ɗan ɓarɓashi kuwa ya isa ya ɓata ido. A kori yara daga wurin, a buɗe ƙafafu yadda in gatari ya kuskure zai faɗa tsakani, a duba kan gatari bai yi sako-sako a ƙota ba. Gungumen da ya daɗe a yashe, a fara juya shi da sanda, kada da hannu. Kunama da kububuwa suna son irin wannan wuri.

Da an faskara, a jera a kan duwatsu ko sanduna, kada ya taɓa ƙasa, inda iska ke ratsawa. Da damina a rufe samansa kaɗai, a bar gefe a buɗe.

Wanda ba a faskara ba, ba asara ba ne

Wannan shi ne sashen da aka fi mantawa. Akwai masu bukatar itace a dunƙule, har sun fi son sa haka. Masu turara shinkafa, da masu gidan burodi, da masu dafa abincin biki a manyan tukwane, wutarsu a fili take ko a babban murhu, kuma ta sa'o'i da yawa ce. Busasshen gindin tsamiya da ya gagari gidanka, a wurinsu abin nema ne, sai su tura kansa cikin wuta su riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Ka sayar musu, ko ka yi musaya da faskararre. Makarantun allo masu hura wutar karatu da dare, musamman da ɗari, su ma za su karɓa da godiya.

Kafin a ambaci wuta ma, a kira masassaƙi ya gani. Gungumen ƙirya mai lafiya turmi ne, kuma turmi ɗaya ya fi tarin itacen da zai fito daga cikinsa kuɗi, ga shi zai shekara da shekaru yana aiki. Abin da ya sa ya gagari gatari, watau ƙin tsagewa, shi ne ainihin abin da masassaƙi ke nema. Reshe mai baki biyu gwafa ce ta rumfa ko ta rumbu. Guntu mai gaɓa ya yi wa mahauci abin sara nama, ko turken dabba, ko mazauni a ƙofar gida. Abin takaici ne a ga mutum ya kwana biyu yana farfasa abin da da ya bar shi ɗungum ya fi daraja.

Game da gawayi, gaskiya ne ƙona gungume ya zama gawayi yana kawar da wahalar faskare. Amma a irin ramin da ake yi a ƙauye, mafi yawan zafin itacen yana tafiya cikin hayaƙi, abin da ake kwashewa kaɗan ne. Ga matacce guda ɗaya babu laifi. Illar ita ce wanda ya ɗanɗana kuɗin gawayi ba ya tsayawa kan matattu.

Kututture mai rai

Duk abin da aka faɗa a sama game da itacen da ya riga ya faɗi ne ko ya mutu. Bishiya mai rai ba a sare ta sai da izinin malaman daji, wadda ke bakin magudanar ruwa kuma a fara tambayar ma'aikatan hukumar da ke kula da ruwan. Ɗorawa da gawo da tsamiya da kanya, abin da suke bayarwa a tsaye ya fi abin da za su bayar a murhu. Gawo ma shi ne mai zubar da ganye da damina, ya bar shuka ta sha rana, ya taki ƙasa, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi.

Saura kututturen da ke cikin gonar tudu, wanda kowace bazara yake fitar da toho ana sassabewa. Shi ne mafi wuyar dukan itace, sai an haƙa, an sare saiwoyi, an jawo, kāna a fara faskare. Kuma shi ne wanda bai kamata a taɓa ba sam. Maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun gwada wata hanya tun daga 1983, tare da wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo. Maimakon su tumɓuke kututture ko su ƙone tohonsa, sai su zaɓi 'yan rassa mafiya ƙarfi su bari, su datse sauran, su riƙa yi musu aski kowace shekara. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga danshi, tohon yakan girma da saurin da dashe ba ya yi. Suna kiran wannan aiki sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya mai da itatuwa a fili wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

A cikin fangalin shinkafa wannan ba zai yiwu ba, amma yawancin manoman Kura da Bunkure suna da gonar tudu, da iyakar gona, da bayan gida. Darbejiya da turare da marke da kalgo duk suna tohowa daga kututture. Abin da ake samu daga askinsu sanduna ne masu kaurin damtse ko ƙasa da haka, waɗanda adda kaɗai ta ishe su, su bushe cikin ɗan lokaci, su shiga murhu ba tare da an ɗaga gatari ba. Wanda yake son ganin yadda ake zaɓen tohon da yadda ake datsewa, sai ya nemi malamin gona ko malamin daji na yankinsa kafin sassaben bana, domin da an bi gona da wuta tohon ya tafi, sai kuma wata shekara.